Yakuwar Iya Tana Ƙirga Dare

Ƙwayar gurguzu bakwai ce ta rage wa Hajiya Furera, a ƙulle cikin wani tsumman atamfa a ƙasan akwatinta. Ba yakuwar da kowa ya sani ba ce. Farar yakuwa ce ta gidansu a Kazaure, wadda mahaifiyarsu Iya ta zo da irinta daga gidan nata iyayen, mai farin zoɓorodo da tsami mai sanyi wanda ba ya kashe haƙori. Duk damina Iya takan shuka ta a bayan ɗaki, in kaka ta yi sai ta cire iri ta zuba a ɗan gora. Da Iya ta rasu aka raba gida, magada suka malale bayan ɗakin da siminti suka fitar da shaguna. Irin da ke cikin goran aka raba biyu, rabi ga Furera, rabi ga yayarta Tayyiba.

Na Yaya Tayyiba bai yi nisa ba. Matar ɗanta ce ta gan shi a kwalba, ta ɗauka gurguzun kasuwa ne, ta haɗa da wani ta yi daddawa. Aka sha miya aka lashe hannu, sai bayan kwana uku aka gane abin da aka ci. Tun daga ranar, duk wayar da Yaya Tayyiba za ta bugo Amurka, bayan gaisuwa maganarta ɗaya ce.

"Furera, ta yi fure?"

Shekara uku ke nan Hajiya Furera tana garin Greenbelt a jihar Maryland, wajen babban ɗanta Zulkifilu, injiniya, wanda ya ɗauko ta bayan rasuwar mahaifinsa. Tsakani da Allah yaron ba shi da laifi. Ɗakinta daban, abincinta daban, likitan gwiwarta daban. Abu ɗaya ne yake yi da ke ƙona mata rai. In ya gan ta ta yi tagumi a bakin taga, sai ya dafa kujera ya ce, "Hajiya, za ki saba." Matarsa ma haka, matan masallaci ma haka, har likitan gwiwar, ta bakin tafinta. Tun tana amsawa da "in Allah ya so" har ta koma gyaɗa kai kawai. A ranta kuwa kunya take ji, tana ganin butulci ne mutum ya samu irin wannan hutu ya kasa sakin jiki.

Shekarar farko ta shuka ƙwaya goma sha biyu a ɗan filin bayan gidan. Tubarkalla, yakuwa ta tashi har ta wuce kafaɗarta, ganye shar, kara kamar sanda. Ta jira fure. Agusta ta wuce, Satumba ta wuce, shiru. Sai a tsakiyar Oktoba ta ga 'yan ƙulle-ƙulle sun fara leƙowa, kafin su buɗe kuma wata safiya ta fito ta tarar raɓa ta daskare, ganyen duk ya yi baƙi ya langaɓe kamar an kwara masa tafasasshen ruwa.

Ta zauna ta yi nazari irin na wadda ta girma a gona. Ta ce ranar ƙasar nan ce ba ta da ƙarfi, ai da gani ka sani, rana ce da za ka tsaya a cikinta da rigar sanyi. Abin da yakuwa ke so haske ne. Shekara ta biyu sai ta matsar da shukar ƙarƙashin fitilar bayan gida, wadda ke kwana a kunne saboda ɓarayi, don in rana ta gaza fitila ta ƙarasa. Ta ƙara taki har maƙwabta suka fara rufe tagogi. Wannan karon ko ƙullin furen ba ta gani ba, sanyi ya zo ya kwashe ganye zalla.

"Hajiya, wai don Allah," in ji Zulkifilu, "zoɓon nan fa yana nan buhu-buhu a shagon 'yan Meziko. In iri ne ma, yanzu zan shiga intanet, jibi ya iso."

Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya yi masa bayanin abin da ke cinta. Shi dai ya ga ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Don ya faranta mata ya nema mata kunya huɗu a lambun unguwa, wani fili a bakin daji da aka yanka wa mazauna garin, tafiyar minti goma sha biyar daga gida ga mai lafiyayyar gwiwa.

A nan ta binne ƙwayoyi bakwai ɗin a watan Mayu na shekarar 2013. Iri ya tsufa. Uku ne suka fito.

Wata Asabar a ƙarshen Yuni tana tsugune tana cire ciyawa, sai ta ji murya a bayanta.

"Laa! Mama, ba yakuwa ba ce wannan?"

Saura kaɗan fartanya ta faɗi daga hannunta. Hausa, a wannan dajin! Ta waiga ta ga wata mace doguwa, ba ta wuce shekara arba'in ba, da wandon aiki da malafa, ta riƙe tiyon ban ruwa. Matar ta ajiye tiyon ta rusuna ta gaishe ta yadda ya kamata. Sunanta Selina Chuwang, 'yar Jos, kunyoyin da ke maƙwabtaka nata ne, tumatir da barkono take yi. Aikinta kuwa a wani ɗakin binciken tsirrai yake a Beltsville, nan kusa. Kafin rana ta yi tsaka Hajiya Furera ta zazzage mata labarin kaf, daga goran Iya har zuwa miyar daddawa. Ita kanta ta yi mamakin bakinta.

Selina tana ta saurare har aka zo kan fitilar bayan gida. Nan ta dafe kai.

"Wayyo Mama! Ai da hannunki kika hana ta."

"Ni? Ni da na ba ta haske dare da rana?"

"Shi ne fa. Ba rana ce ta yi mata kaɗan ba. Dare ne."

Hajiya Furera ta dube ta sama da ƙasa. Ita dai ta san shuka na neman ruwa da taki da rana. Dare kuma na mutane ne da dabbobi, me tsiro zai yi da shi? Selina ta tsinko ganyen barkononta, ba ta taɓa yakuwar ba, ta ɗaga shi saitin rana.

"A cikin kowane ganye akwai wani sinadari, ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa. Haske ya taɓa shi sai ya juya, kamar yadda za ki kifar da faifai. Duhu ya shigo sai ya riƙa komawa yadda yake, a hankali a hankali. Da haka shuka ke auna tsawon dare. Shekara tara ina wannan aikin, Mama, a kan waken soya, a ɗakunan da ba taga, mu ke kunna musu rana mu kashe. Wasu tsirran ba ruwansu. Amma yakuwa, in daren bai haura awa goma sha biyu ba, ganye ba zai aika wa reshe cewa lokacin fure ya yi ba. Haka za ta yi ta zuba ganye tana jira."

"To a gida wa ke ƙirga mata?"

"A gida ai dare da rana kusan kai ɗaya suke. Damina na ƙarewa dare ya ɗan ƙaru, shi ke nan ta ji. Nan kuwa, ƙarfe nawa kika yi magariba jiya?"

Hajiya Furera ta tuna. Tara saura ta yi magariba jiya, kuma kafin ta gyara kwanciya da kyau asuba ta yi. Wannan abu ya daɗe yana damunta, ta ɗauka ita kaɗai yake damu.

"Daren da take nema sai Oktoba yake zuwa nan," in ji Selina, "sanyi kuma yana biye da shi. Fitilar taki kuwa, ko minti biyar aka haska ta a tsakiyar dare, ƙirgan ya rushe, sai ta sake daga farko."

"Yanzu ganye ido gare shi, 'yar nan?"

"Kusan haka ne, Mama."

"Ikon Allah. To meye magani?"

Maganin shi ne a yi mata dare da hannu. A rufe ta ruf da ƙarfe shida na yamma, kada a buɗe sai bakwai na safe, kullum, ba fashi, har ta yi fure. Hajiya Furera ta ce to, amma a ranta ta ce wannan boko da shegen ƙarfin hali yake. A ɓoye wa yakuwa rana! Da Iya na da rai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sai dai dabarunta biyu sun riga sun ci ƙwaya ashirin da wani abu, ba ta da ta uku.

Selina ta kafa mata sanduna a kewayen shukokin, ta ce ranar Litinin za ta zo da abin rufi. Hajiya Furera kuwa, da ta ji maganin, ina za ta iya jiran Litinin? Ranar Lahadi ta kwaso baƙaƙen ledojin shara daga kicin, ta ce bari ta gwada da guda ɗaya. Ta lulluɓe ta tsaf, ta ɗaure bakin da igiya don kada haske ya sami ƙofa. Ƙarfe shidan Yuni a Maryland rana tana nan da sauran ƙarfinta, ga zafi mai ɗanko. Da safe ta kwance leda, tururi ya bugi fuskarta. Yakuwar ta dahu a tsaye.

Ba ta yi kuka a lambun ba, sai da ta koma gida. Ranar da Yaya Tayyiba ta bugo, cewa ta yi layin ba kyau.

Saura biyu. Selina ta zo da wani baƙin ƙyalle daga kanti, ta ba ta haƙuri, ta ce laifinta ne da ba ta ja mata kunne a kan leda ba, abin da ake so shi ne wanda zai tare haske ya bar iska ta ratsa. Hajiya Furera ta ɗaga ƙyallen kantin saitin rana, ta ga haske na tsiyaya ta cikinsa, ta taɓe baki. Ta koma gida ta buɗe akwati. Can ƙasa akwai baƙin zanen Iya, saƙar hannu, rinin shuni, mai nauyi kamar bargo, wanda rabonsa da ganin waje tun ranar sadakar bakwai. Ta fito da shi, ta fito da baƙaƙen abayoyinta biyu na Makka, ta sa almakashi ta farke su. Kwana biyu tana ɗinki da hannu, ninki biyu, zanen Iya daga ciki. Matar Zulkifilu ta leƙo ta ga abayar Makka a yayyanke, ta yi salati ta koma.

Daga ranar ta shiga aiki. Shida saura kwata na yamma tana hanya da sandarta, bakwai saura kwata na safe tana hanya. Ruwa ko rana. Turawan lambun suka saba da ganin tsohuwa tana kafa baƙar rumfa da rana tsaka, wani dattijo mai kabewa har hoto ya nemi ɗauka, ta ɗaga masa hannu ta ce a'a.

Ana haka azumi ya kama, irin azumin ƙasar nan mai awa goma sha shida, wanda sai ka rantse an ɗaure ranar da igiya. Ƙarfe shida za ta rufe yakuwa, ita kuma da sauran awa biyu da rabi kafin ta kai ruwa bakinta. Takan ce da Selina, "Kin gani ko, 'yan gata. Su har sun sha ruwa."

Wata yamma a cikin goman tsakiya, sanda ɗaya ta karkace daga ciki bayan ta gama rufewa. Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaga gefen zanen, ta cusa kai da kafaɗu don ta gyara. Zanen ya faɗo a bayanta.

Duhu ne sosai a ciki, da ɗumi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da tsamin ganyen yakuwa, da warin shunin da shekaru ba su kashe ba. Hannunta na kan sandar amma ta manta abin da ya kawo ta. Magariba ce ta bayan ɗakin Iya, ba wata ba. Awaki na shigowa suna turereniya a zaure, hayaƙin kara na tashi daga madafi, Malam Almu ladan yana gyaran murya a masallacin ƙofar gida kafin ya ɗaga ta. Yaya Tayyiba na tankaɗe. Iya na cewa, Furera, wai ba za ki kawo fitilar nan ba sai na taso? Kewa ta taso mata, kewar da ta shekara uku tana dannewa don kada a ce ba ta gode ba. Ta kifa goshi a ƙasa ta yi kuka mai isarta, ba mai ganinta.

Tun daga ranar, in ta rufe sai ta ɗan shiga. Minti biyar, wani lokaci goma. Rannan Selina ta taso daga aiki ta tarar da ƙafafu biyu da silifa sun leƙo daga ƙarƙashin baƙar rumfa, ta saki jaka ta rugo a guje tana kiran sunan Yesu.

"Lafiya lau nake," in ji murya daga ciki. "Ki saki zanen, kina shigo musu da haske."

Selina ba ta tambaye ta komai ba. Ta zauna a kan bokiti har tsohuwar ta fito tana goge ido da gefen mayafi, sannan ta ce ita ma akwai wani dutse a bayan gidansu a Jos da take mafarkinsa har yau.

Kwana talatin da 'yan kai ana rufewa, ba fure, ba alamarsa. Sai ga Sallah. Zulkifilu ya ce bayan idi za su wuce Springfield gidan abokinsa Dokta Fahad, inda 'yan Arewa ke haɗuwa duk shekara. Ta ce ita a bar ta a gida. Ya ce haba Hajiya, kowa tambayarki yake, me zan ce musu, kina gadin ganye? Ya yi alkawari ƙarfe huɗu da rabi za su taso. Selina kuma ta tafi taron aiki wata jihar, sai gobe za ta dawo.

Wanda ya san zaman Sallar mutanenmu ya san ƙarfe huɗu da rabi magana ce kawai. Aka ci waina, aka ci tuwo, maza suka buɗe babin siyasar gida, kowa ya zama gwamna. Hajiya Furera tana cikin mata, jikinta a nan, idonta a agogon bango. Sau uku tana aikawa a kira shi. Sai biyar da rabi ya fito yana gyara hula, ya bar matarsa da yara za su biyo wasu, ya ɗauke ta su biyu.

Suna hawa Beltway, babban titin da ya zagaye birnin, suka tarar da shi a cushe. Motoci layi huɗu, jan wuta iya ganinka, ba gaba ba baya. Shida ta yi suna kan gada. Shida da rabi ba su bar gadar da nisa ba. Rana ta cika motar ta gefen da take zaune, tana ji a jikinta yadda take dukan ganyen nan a can.

"Hajiya, kwana ɗaya ne fa," ya ce. "Ba abin da zai faru. In ma ta ƙi, wallahi zan sa a nemo miki a Kazaure, ko nawa..."

"Babu ita a Kazaure."

Ya juyo ya dube ta.

"Babu ita a Kazaure, babu ita a ko'ina. Biyun nan su ke nan. Uwata ta riƙe ta shekara hamsin, ba fitila, ba boko, ba ta ɓatar ba. Kakata ta riƙe. Sai a hannuna za ta ƙare, a ƙasar da ko kabarin nawa babu?" Muryarta ta karye amma ba ta tsaya ba. "Ɗakin da aka haife ni shagon cajin waya ne yanzu. In na koma ma ban san inda zan tsaya in ce nan ne ba. Abin da ya rage min wanda hannun Iya ya taɓa kuma yake da rai, shi ne kake ce wa ganye. Kullum za ki saba, za ki saba. Ka taɓa tambayata me na baro?"

Tunda aka haife shi ba ta taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Zulkifilu ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Da suka sami mafita ya saki babban titin ya bi ta cikin unguwanni, yana ta kwana-kwana, har suka iso lambun takwas ta wuce, rana ta riga ta faɗi.

Ya riga ta fita. Da babbar rigarsa ta shadda ya durƙusa a cikin taɓo yana jan zanen ta inda ta nuna masa. Ya kasa ganin igiyar, ya zaro waya zai kunna fitila, ta buge hannun.

"Kashe! So kake ka ƙarasa su?"

Ya mayar da ita aljihu, ya lalubo igiyar da hannu. Da zanen ya gogi fuskarsa sai ya tsaya, ya sake shinshinawa.

"Wannan ba na Iya ba ne? Wanda take goya ni da shi?"

"Ɗaure ka tashi," ta ce, don ba ta son ya ji muryarta.

Washegari Selina ta dawo ta ji labari. Ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce mai yiwuwa kwana ɗaya bai ɓata ba, in saƙon ya riga ya isa reshe, amma ba za ta rantse ba, sai dai a ci gaba a gani. Kwana huɗu Hajiya Furera tana buɗe zanen da safe ba ta yarda ta kalli hammatar ganyen ba, ruwa kawai take ba su ta juya. Rana ta biyar ta ce kai, abin da Allah ya rubuta ai ya rubuta. Ta sa tabarau, ta ɗaga ganye ɗaya da yatsa. Ga shi nan a inda ganye ya haɗu da kara, ɗan ƙulli kore mai tsini, bai kai ƙwayar dawa ba. Ta ɗaga na gaba, akwai. Ta koma ɗaya shukar, akwai. Ta zauna daɓas a kan ƙasa tana hamdala, dattijo mai kabewa ya zo da gudu ya ɗauka faɗuwa ta yi.

Furen farko ya buɗe a ƙarshen Agusta, ruwan ƙwai mai haske, da hantsi, kafin la'asar ya yanƙwane kamar yadda ya saba. A tsaye a gabansa ta bugo wa Yaya Tayyiba, ba ta ma bari ta yi tambayar ba. Daga can ta ji guɗa, sannan ta ji shiru, sannan ta ji ana jan hanci. Suka riƙe waya su biyu ba mai magana har katin ya ƙare.

Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsinka don miya ba, duk ta bar wa iri. Sau ɗaya ne ta ɓantari ɗan gefen zoɓorodon ta sa a baki. Tsamin nan ne, mai sanyi, bai canja ba.

A makon ƙarshe na Oktoba aka ce raɓa za ta daskare kafin wayewar gari. Da la'asar ita da Selina suka yanke kawunan da suka bushe, suka baje zanen Iya a ƙasa suka zauna suna ɓarewa. Gurguzu na zuba a kwanon sha, baƙi-baƙi, har ya kusa cika shi. Ta raba uku. Kashi ɗaya na Yaya Tayyiba, Alhaji Maitama, wani ɗan Arewa da ke nan, zai tafi gida wata mai zuwa ya kai mata, kuma za a rubuta a jikin kwalbar da manyan baƙaƙe saboda masu daddawa. Kashi ɗaya ta tura gaban Selina. Selina ta ce a'a Mama, ta ce karɓi, 'yar nan, iri ba ya zama a hannu ɗaya, na ga abin da hakan ke jawowa.

Ta ɗebi nata a tafin hannu tana juyawa.

"To su waɗannan ai 'yan nan ne. A nan aka haife su, ruwan nan suka sha. Baɗi ba sai na rufe su ba ko? Sun saba."

Selina ta girgiza kai.

"Ba sa sabawa, Mama. Ko jikokin jikokinsu kika shuka a nan, daren Kazaure za su nema. A jikin ƙwayar yake. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta."

Hajiya Furera ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sai ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta zo da hawaye, ta bar su suka zubo ba ta goge ba. Shekara uku tana tuhumar kanta da butulci.

"Haka aka yi ta," ta maimaita a hankali.

Inuwar dajin ta riga ta rufe lambun. Ta ɗaga kai ta ga gabas ta yi duhu, yamma ta yi ja, tsuntsaye na komawa. Ta duba agogo don ta san saura nawa, ta sake dubawa. Shida da kwata.

"Selina, agogon nan daidai yake?"

"Daidai yake, Mama. 'Yan kwanakin nan magaribar nan da ta gida lokaci ɗaya suke faɗawa. Mako mai zuwa kuma ta wuce, ta koma biyar."

Motar Zulkifilu ta tsaya a bakin shinge, ya zo ɗaukarta saboda sanyi. Ya fito ya hango ta ta karkaɗe zanen Iya ta shimfiɗa shi ta fuskanci alƙibla, a fili, ba rumfa a kanta. Ya buɗe baki zai ce sanyi na sauka, sai ya fasa, ya jingina da mota ya jira.

Da ta sallame ba ta tashi ba sai da duhun ya gama sauka. Sannan ta naɗe zanen da kyau, ninki huɗu, ta rungume shi tare da kwanon. Ba ƙasan akwati zai koma ba, baɗi ma za a neme shi.